Tawadar Allah a Fuskar Mama

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara min haka. Magoya bayan Yaya kuma ku gyara zama, don yau ba zan rufa masa asiri ba.

*

Da haƙori Auta ta tsinke igiyar da aka ɗaure firem ɗin hoton da ita, ɗoki bai bar ta ta jira almakashi ba. Gobe ƙungiyarsu ta masu koyon ɗaukar hoto za ta buɗe baje kolinta na farko a zauren ɗakin karatun unguwa, yau kuwa ranar kafa hotuna ce. Ko'ina ƙarar guduma, ko'ina gardamar "ɗan ɗaga sama, a'a sauke ƙasa". Malam, dattijon da ke koyar da su, yana tsakiyar zaure da ƙusoshi a baki, yana ba da umarni da gira.

Hoton Mama ne a hannunta. Shi Malam ya zaɓa ya hau bangon da ke kallon ƙofa, wanda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi.

Ta yaye takardar da aka naɗe shi da ita.

Murmushin da ta taho da shi tun daga gida ya mutu a fuskarta.

Matar da ke cikin gilashin kyakkyawa ce, wannan ba gardama. Baki daidai, idanu daidai, kumatu kamar an auna su da ma'auni. Ɗankwalin na Mama ne, 'yan kunnen na Mama ne. Sai dai Auta ba ta san matar ba.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mama, gefen hagu na fuskarta ya sauka, baki ya karkace, fatar ido ta rufe rabi. A haka Auta ta ɗauke ta wata safiya a gefen taga, tana dariya da wannan karkataccen bakin saboda kyanwa ta faɗa cikin bokitin wanki. Yaya ya riga ya cire madubin ɗakin tun farkon ciwon, don haka a bayan kyamara Mama ta fara ganin kanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da harshenta mai nauyi, "Ashe ina nan." Ta ƙara da cewa, "A kafa shi. Kowa ya gan ni."

Wancan hoton ne Auta ta miƙa a wanke. Ba wannan ba.

Idonta ya sauka ƙasan leɓen hagu, inda tawadar Allah ta Mama take, baƙin ɗigon nan da aka haife ta da shi. Babu ita. Wurin sumul, kamar ba a taɓa yin komai ba.

"Zuƙo!"

Yadda ta kira sunan sai da gudumomi suka tsaya.

Zuƙo ya samo sunansa ne daga halinsa na zuƙo komai da kyamara maimakon ya taka da ƙafa ya matsa kusa. Shi ke da shagon wanke hoto, don haka shi ke wanke na ƙungiya. Yana kan tsani a lokacin, sai ya yi kamar ƙusar da yake bugawa ta fi komai muhimmanci a duniya.

"Sauko. Ko in girgiza tsanin?"

Ya sauko yana sosa ƙeya.

"Wace ce wannan?"

"Haba Auta, Mama ce mana."

"Mamar wa?"

"Ɗan gyara ne kawai na…"

"Na tambaye ka mamar wa? Don tawa na baro ta a gida, kuma ba haka take ba."

Malam ya zare ƙusoshin daga baki, ya karɓi firem ɗin, ya jingina shi da bango, ya durƙusa a gabansa. Mutumin nan ko gobara ake yi sai ya tsaya ya yi bayanin hasken wutar. Ya yafito ɗalibai da hannu.

"Ku matso ku ga abin al'ajabi. Auta, taga nawa ce a ɗakin mahaifiyarki?"

"Ɗaya ce, Malam."

"To ku dubi ƙwayar idon nan. Kun ga ɗan farin hasken taga a gefen waje? Yauwa. Ku dubi ɗaya idon. Shi ma a gefen waje. Na sha faɗa muku ido ba ya ɓoye inda haske ya fito. Taga ɗaya ba ta haska mutum ta hagu da ta dama a lokaci guda." Ya ɗago ya dubi Zuƙo ta saman tabarau. "Raba fuskar ka yi biyu a kwamfuta. Ka jefar da rabin da ciwo ya taɓa, ka juya mai lafiyar ka manna a gurbinsa. Ko ba haka ba?"

Zuƙo ya yi tsuru-tsuru.

"Malam, wallahi ba da mugun nufi ba ne. A shagona kowa haka yake so. Wannan ta ce a goge ƙuraje, wancan ya ce a rage tumbi. Hannuna ya saba."

"Mece ce dokarmu ta farko?"

Ɗaliban suka amsa tare, kamar yadda suke yi duk zaman duba hotuna, amma yau murya ƙasa-ƙasa: "Haske da duhu naka ne, fuska ta mai ita ce."

"Ka san ta kenan."

"Na sani, Malam."

"To me ya kai ka?"

 Idon Zuƙo ne ya amsa, ya zame a hankali zuwa bakin ƙofa.

Auta ta bi idon da kallo.

Yaya ne tsaye a wurin, makullin mota a hannu. Shi ya ɗauko firem-firem ɗin daga shagon Zuƙo a motarsa ɗazu, har Auta ta yi ta sa masa albarka a ranta, tana cewa ashe ya sauko daga fushin da yake yi da maganar hoton. Sai yanzu ta gane dalilin wannan kirkin na gaggawa. 

"Yaya, kai ne?"

"Ni ne." Ko gezau bai yi ba. "Ki daina yi wa bawan Allah ihu. Ni na je shagonsa, ni na zauna kusa da shi har ya gama. In akwai laifi nawa ne, kuma ban ga laifin ba."

"Ka canza wa Mama fuska ba ka ga laifin ba?"

"Na mayar mata da fuskarta."

"Wadda ka ajiye a aljihu?"

"Ke Auta, ki iya bakinki. A gaban mutane muke."

"Ai a gaban mutanen za a kafa shi."

Ya tako cikin zauren, ya haɗe girar sama da ta ƙasa. Ɗalibai suka dare suka ba shi hanya, kowa yana yin kamar yana aiki, kunne kuwa duk yana wurin.

"Bari in tuna miki abin da kika manta. Matar nan malamar makaranta ce. Rabin unguwar nan ita ta koya musu riƙe fensir. Tana tafe ana durƙusawa. Yanzu so kike su shigo gobe su tarar da ita a bango, baki a karkace, ido a rufe, su riƙa nuna ta suna wayyo? Don ke ki samu tafi?"

"Ita ta ce a kafa."

"Marar lafiya ce."

"Bakinta ne ya karkace, Yaya. Hankalinta yana nan daram, ya fi nawa da naka."

"Ni ne babba, ni ke magana da yawunta."

"Tana da yawunta. Ni ke goge mata shi kullum, na sani."

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Yaya ya daka tsawa:

"Ranar da ta faɗi kina ina? Ni na goya ta a bayana har asibiti! Ni na kwana a benci! Sai yau don an ara miki kyamara za ki koya min son uwata?"

Wannan ta soki Auta, don gaskiya ce. Ba a taɓa neman magani an rasa ba, ba a taɓa kiran Yaya ya ƙi zuwa ba. Amma ta daɗe tana haɗiye wata magana, yau kuwa maƙoshin ya ƙi karɓa.

"Ka goya ta, Allah ya saka maka da alheri. Amma da ka dawo da ita ɗaki ka kai ta ka ja ƙofa. Ɗalibanta su zo dubiya ka ce tana barci, alhali tana jin muryarsu ta taga. Ƙawayenta su zo ka ce likita ya hana. Wane likitan? Ka cire madubi. Kullum da safe ka shigo ka ce Mama ina kwana, idonka a kan tabarma. Ita take gaishe ka da ido, kai kana gaishe da tabarma."



"Ƙarya kike."

"To. Da kuka gama a shagon, ka duba hoton da kyau?"

"Na duba."

"Ba abin da ya ɓata?"

"Ba abin da ya ɓata sai ciwon. Ina ganinsa na ce yauwa, wannan ce Mama."

 Ashe bai ma lura ba. Auta ta rantse a ranta ko za a yanka ta ba za ta faɗa masa abin da ya ɓata ba.

Ta juya ga Malam.

"Malam, wannan ba zai hau bango ba."

Malam ya gyara tabarau. "A dokar ƙungiya ba zai hau ba. Amma maganar gida ta shigo, 'yata, ni kuma ba na raba wa da ƙanwa. In kun ga dama a bar bangon haka nan, a sa wani hoton. Ga na mai gyaran takalmin nan da kika ɗauka, shi ma ya yi kyau."

"A'a."

"Auta…"

"Malam, kai ka koya min in matse gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi, in jira har mutum ya manta da ni. Na jira. Mama ta manta da ciwonta ta yi dariya, na danna. Kai da bakinka ka ce a duk ɗaliban da ka koyar ba a taɓa kawo maka hoto irinsa ba. Yau kuma in sa takalmi a gurbinta?"

Malam ya sunkuyar da kai.

Auta ta zuge jakarta. Al'adar ƙungiya ce a fara wanke ɗan ƙaramin gwaji a kai wa mai fuska ya gani ya amince kafin a yi babba. Nata na gwajin yana nan, bai fi tafin hannu ba, gefensa har ya ɗan lanƙwashe don yawan fitarwa. Ta zaro shi. Ta zari guduma daga hannun wani ɗalibi, ta tsinci ƙusa a ƙasa, ta nufi bangon da ke kallon ƙofa.

Yaya ya kawar da kai gefe kamar an haska masa tocila.

"Kalle shi mana, Yaya."

"Ba zan kalla ba."

"Na sani."

Ta ɗora ɗan hoton a tsakiyar ƙaton farin bangon. Ya yi ƙanƙanta har abin ya so ya ba da dariya, amma ba wanda ya yi.

"Auta, in kika buga ƙusar nan, ki nemi wani yayan."

 Ta matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ta riƙe numfashi.

Ƙwas!

Ƙwas!

Ta juyo, hawaye na bin kumatunta, amma kanta a sama.

"Na buga. Gobe kuma nan zan tsaya tun buɗe ƙofa har rufewa, duk wanda ya tambaya in ce uwata ce. Mai son cire shi sai ya fara cire ni."

Yaya ya taho gadan-gadan. Zuƙo ya yi tsalle ya shiga tsakani yana "don Allah, don Annabi", Malam ya miƙe yana ɗaga hannu. Ana cikin haka aka ji ƙarar taya a bakin ƙofa, ƙiiii, irin ta keken da ke neman mai.

Kowa ya waiwaya.

Anti Nas ce, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida motsa wa Mama gaɓoɓi, ita ma 'yar ƙungiya. Tana turo keken marasa lafiya tana haki. A cikin keken, cikin shigarta ta fita wadda ta daɗe a ƙasan akwati, Mama ce.

"Kar wanda ya harare ni," in ji Anti Nas. "Ta ƙi ba ni hannu yau, wai sai na kawo ta. Ta ce Auta ta faɗa mata doka ce mai fuska ya ga babban kafin ya hau bango. Ni kuwa ba na gardama da malamar makaranta."

Yaya ya ruga ya durƙusa gefen keken, yana gyara mata bargon ƙafa.

"Mama, me ya fito da ke? Iska za ta…"

Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta yi nuni. Babban firem ɗin na nan jingine da bango, daidai tsayin idon mai zaune. Anti Nas ta tura ta har gabansa.

Mama ta kalla.

Ta daɗe tana kallo. Ta kai hannu ta shafa gilashin, daga goshi zuwa haɓa. Idonta ya ciko.

"Na yi kyau," ta ce a hankali, kowace kalma da ƙyar.

 Duk rashin kunyar da Auta ta zuba ɗazu ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. In fa Mama wannan take so? In fa ta gaji da fuskar nan, ita ce kawai ta maƙale mata don hotonta ya yi suna? Gudumar ta yi mata nauyi a hannu.

Yaya ya sauke ajiyar zuciya. "Kin ji ko? Kin ji da kunnenki?"

Amma yatsan Mama bai bar gilashin ba. Yawo yake yi, yana neman wani abu. Ya je ya dawo, ya sake zuwa. Sai ta janye hannun, ta kama gefen mayafinta, ta ja shi ta rufe fuskarta gaba ɗaya sai idanu.

"Babana."

Haka take kiran Yaya tun yana cikin tsumma.

"Na'am, Mama."

"Ina… tawadata?"

Ya dubi hoton. Ya ƙara matsowa. Auta tana ganin lokacin da abin ya shige shi, kafaɗunsa suka sauka kamar an zare musu ƙashi. Zuƙo ya dafe kai ya ce, "Innalillahi," don shi ma sai yanzu ya san abin da ya jefar tare da wancan rabin.

"Mama, ai… kuskure ne. Za a mayar," in ji Yaya.

"Kana ƙarami," in ji Mama, tana tsayawa tana jan numfashi, "ba ka barci… sai ka danna ta. Wai ƙararrawa ce. Ni kuma in ce… ƙirrr."

Mama ta waiwaya.

"Auta."

"Na'am."

"Rufe naki."

Auta ta ajiye guduma, ta kifa tafin hannunta a kan ɗan hoton da ke bango. Ya ɓace ƙarƙashinsa gaba ɗaya.

Mama ta juyo da idanunta kan Yaya, ɗaya a buɗe, ɗaya rabi.

"Nuna min… inda take. In ka gane, naka ya hau. In ba ka gane ba… na Auta ya zauna. Malam, ka zama shaida."

"Na zama," in ji Malam.

"Mama, don Allah mu je gida."

"Nuna."

Yaya ya ɗaga yatsa. Fuskar da ke cikin gilashin tana masa murmushi, sumul, ba alama ko ɗaya. Yatsan ya nufi ƙasan ido. Ya tsaya. Ya gangaro kunci. Ya koma sama. Gumi ya tsatstsafo masa a goshi, mutumin da ɗazu yake cika zaure da tsawa.

Auta ta zo ne don ta kayar da shi, kuma ga shi a bakin faɗuwa. Sai ta tsinci kanta tana addu'a a ɓoye, Allah ka sa ya gane. Hotonta ya sauka, bangon ya tafi, komai ya tafi, Allah dai ka sa ya gane. Don ta san wannan tambayar ba ta hoto ba ce.

Yatsan ya sauka a kan gilashin. Ɗan ƙaramin sauti, tas.

Yaya ya runtse ido, kansa a ƙasa, yatsan na nan inda ya dasa shi.

"A'a," in ji Mama. "Ba ƙasa za ka kalla ba."

Ta fara sauke mayafin.

"Ɗago, Babana. Ni za ka kalla."